Ranar da Na Ce Ba Na Jin Hausa

Ni ne na yi laifi, kuma babu wanda ya tilasta mini. Wani tsoho ya rasa aikinsa da makwancinsa a Jidda saboda wata magana da na faɗa don mutane su yi dariya. Da ya juyo yana neman in fassara masa abin da ke bakinsa, sai na ce ba na jin Hausa. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ko ban yi magana ba wata rana za a gano shi. Wataƙila haka ne. Amma ranar da aka gano shi ɗin, daga bakina abin ya fito.

An haife ni a wani ƙauye a bakin kogin Nilu, a Sudan. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar hajji, suka yada zango a can don su yi noman damina ɗaya su sami guzuri, daga nan zama ya kama su. A gidanmu Hausa ake yi, a makaranta da kasuwa Larabci. Karatuna bai wuce firamare ba. Na zo Jidda ina saurayi, kawuna ya samo mini kafili, wato ɗan ƙasa da zai tsaya mini, na shiga wata masana'anta da ke zuba lemo da madara a kwali, can kudancin gari a unguwar masana'antu. Da ɗaukar kaya na fara, na koma goge inji, a hankali har aka ba ni layi guda in kula da shi. A iƙamata, wato takardar izinin zama, an rubuta Basudane, kuma ba ƙarya ba ne.

Wanda bai zauna a Jidda ba ba zai san nauyin suna a garin nan ba. Tun zamanin da alhazai ke sauka ta jirgin ruwa mutanen garin suka raba duniya gida gida. Duk wanda ya fito daga tsibiran gabas Jawa ne, ko bai taɓa taka Jawa ba. Duk wanda ya fito daga ƙasashen bayan Farisa Buhari ne. Baƙar fatar da ta fito daga yamma kuwa takaruni. Tsofaffi sun ce a da suna ne kawai. A zamanina ya koma yana nufin wanda ya zo umra ya maƙale, mai wankin mota, mai tsintar kwali a bola, mai waige idan ya hango motar 'yan sanda. Basudane kuwa ana ganinsa mai amana, shi ake ba makullin sito.

Shi ya sa da yawa daga cikinmu, Hausawan Sudan, muke da wata ɗabi'a da ba mu cika faɗa ba. Muna tuɓe Hausa a ƙofar wurin aiki kamar takalmi, idan an tashi mu saka abinmu mu tafi gida. Kawuna ne ya koya mini tun ranar farko, muna cikin mota. Ya ce a can ciki kai Basudane ne, halas, shi ke nan, kada ka ƙara komai a kai. Ba kowa ke yin haka ba, akwai waɗanda ba ruwansu. Ni dai na riƙe abin fiye da wanda ya koya mini. A gidana a unguwar Bani Malik Hausa muke yi da matata, tuwo muke ci. A masana'anta a shimfiɗar Sudaniyawa nake zama, in yi barkwanci irin nasu. Ranar da matata ta zuba mini tuwo a kwanon rana, cikin mota nake shiga in ci, gilashi a rufe.

Kwanon tuwon nan ne ya tona ni. Akwai wani tsoho da ke dafa mana shayi, ya wanke kofuna, ya share ɗakin cin abinci. Ɗan kwangilar shara ne ya kawo shi, irin waɗanda ba sa yawan tambaya. Wata rana na manta kwanona a wurin wanke-wanke, da na dawo ɗauka na tarar ya wanke shi tas. Ya miƙo mini da hannu biyu, ya rage murya, ya ce da Hausa:

"Allah ya yi wa mai miyar nan albarka. Daddawar ta ji."

Na duba hagu da dama, na amsa masa da Larabci cewa ban gane ba. Ya yi murmushi yana goge hannu a rigarsa.

"Kada ka damu, ɗana. Ni a wurin nan kurma ne."

Daga ranar muka fara haɗuwa a bayan sito bayan azahar, minti biyar ko goma. Mutumin ƙasar Damagaram ne. Sun zo umra da matarsa shekaru da yawa da suka wuce, ciwo ya kama ta a Makka, ta rasu, aka binne ta a can. Ya ce da ranar komawa ta zo ya ɗaure kayansa, ya kai har bakin motar, ƙafarsa ta ƙi hawa. Burinsa ɗaya ne, ya ƙarasa kwanansa a ƙasar da take kwance. Ba shi da takarda ko ɗaya. An ba shi wani ɗan ɗaki kusa da ƙofar baya, inda a da ake ajiye tukwanen gas. Akwai masallaci a cikin harabar, akwai abinci, saboda haka sai ya yi wata biyu bai leƙa titi ba. Katangar masana'antar nan ita ce iƙamarsa. Sau ɗaya ko biyu a shekara wani direba yakan ɗauke shi ya kai shi Makka ya ziyarci maƙabartar.

Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin zaman nan na bayan sito. Hausarsa irin ta kakata ce, akwai kalmomin da rabona da jin su tun ina ƙarami. Matata ta fara zuba kwano biyu, ɗaya nawa ɗaya nasa. A bayan sito ina ce masa Baba, yana ce mini ɗana. A gaban mutane yana ce mini ustaz, ni kuma in ce ya hajji, kawo shayi, yalla. Shekara biyu muna haka, ko da kuskure bai taɓa yi mini Hausa a gaban kowa ba.

A shekara ta uku abubuwa biyu suka zo tare. Na farko, an tsananta binciken takardu a ko'ina, tara ta yi nauyi a kan masu masana'antu, aka kawo sabon mudir, wato manajan ma'aikata, don ya gyara fayil ɗin kowa. Duk mun san abin da ya kawo shi. Ya yi wata biyu tsohon yana ajiye masa shayi a tebur bai lura da shi ba, domin ba a cika kallon fuskar mai kawo shayi ba. Na biyu, an sayo sabon injin zuba madara, kamfanin da ya ƙera shi ya turo wani Bature daga Suwidin ya kafa shi.

Baturen dogo ne, ya kusa sittin, gashinsa ya yi fari, zafin Jidda ya mai da shi ja kamar gauta. Tunda a layina za a kafa injin, ni aka haɗa shi da ni. Turancina na ƙusa da sifana ne, wanda na tsinta a bakin aiki, inda ya ƙare sai mu ƙarasa da hannu. Ba ya cin abinci a ofis, tare da mu yake zama. Yana da wani ɗan littafi a aljihun riga, kuma yana da tambaya ɗaya da yake yi wa kowa: a yarenku, me kuke kiran mutanen ƙasata? Ya tambayi Bangalawa, ya tambayi 'yan Filifin, ya tambayi Misirawa. Kusan duk abu ɗaya suke faɗa masa, sunan ƙasar ne dai kowa ya lanƙwasa shi yadda harshensa ya iya. Yakan rubuta, amma kana ganin ba abin da yake nema ba ne.

Wata rana muna jiran a kawo mana wata waya na tambaye shi dalili. Ya ce mahaifiyarsa ba 'yar Suwidin ba ce. Ta fito ne daga wata ƙaramar al'umma ta masunta da manoma a bakin wani teku mai sanyi, a gefen ƙasar Rasha, yankin da ake kira Ingiriya. Yaƙi ya tarwatsa su tana ƙarama, ta faɗa Suwidin, ta girma, ta yi aure a can. Masu jin yarenta yanzu 'yan tsofaffi ne kaɗan. Ya ce a yaren nan nata mutumin Suwidin rootsi ne, yarensu ma rootsi, kalma ɗaya ta ɗauki mutum da bakinsa. Masana sun ce asalin kalmar daga masu tuƙa kwale-kwale ne, domin mutanen Suwidin na farko da kakanninta suka gani su ne waɗanda ke tsallako teku da filafili a hannu. Sai sunan matuƙa ya rufe ƙasa guda, har da sarkinta, har da manomin da bai taɓa shiga ruwa ba. Ya ce abin da yake nema ke nan, sunan da wasu mutane suka raɗa da kansu saboda abin da idonsu ya gani.

Abin ya burge ni. Na ba shi labarin Jawa da Buhari, ya yi ta rubutu yana dariya. Takaruni ne kawai na tsallake.

Ranar da injin ya fara aiki lafiya mudir ya sa aka kawo shinkafa da naman rago, ya sauko ɗakin cin abinci ya zauna tare da baƙo. Ranar Talata ce. Kowa na cikin nishaɗi. Baturen ya ciro littafinsa ya ba mudir labarin rootsi, wani injiniya Bamisire yana fassarawa. Da ya gama sai ya juyo wajena. Ya ce saura yare ɗaya bai samu ba. Ya ce shekaranjiya ya zagaya bayan sito neman waya, ya ji ni da mai shayi muna magana da wani baki mai daɗi wanda ba Larabci ba ne. Wane yare ne?

Da zuciya ɗaya ya yi tambayar. Bamisiren ya fassara wa kowa. Sudaniyawan da nake zama da su shekara da shekaru suka juyo suna kallona. Ɗaya daga cikinsu, mai yawan tsokana, ya ce ashe kana da wani harshen a aljihu ba mu sani ba, fito da shi mu gani. Na ce ba yarena ba ne, 'yan kalmomi ne na tsinta don in riƙa aikensa. Da na tsaya a nan da ƙarya ce kawai. Amma na ga kallon bai bar kaina ba, ina son in tura shi wani wuri. Na ɗaga murya na kira tsohon, ya taho da faranti cike da kofuna. Na nuna shi, na ce da Larabci yadda kowa zai ji:

"Takaruni za ka tambaya sunan Suwidin? Wannan ko sunan kansa babu a wata takarda a ƙasar nan."

Aka yi dariya. Ni ma na yi. Mudir bai yi ba. Ya ajiye cokali, ya kalli tsohon tun daga kai har ƙafa, kallon farko da ya taɓa yi masa.

Tsohon bai kama abin da na faɗa ba, Larabcinsa na kawo da ɗauke ne, kuma da sauri na yi maganar. Bamisiren ya sake yi masa tambayar Baturen a hankali, da kalmomi masu sauƙi. Ya ajiye farantin a gefen tebur yana tunani. Bai ɗauki abin wasa ba, baƙo ya tambaye shi abu, yana son ya ba da amsa ta mutunci. Ya fara da Larabci, ya ga ba zai kai ba. Ina jin ya ɗauka tunda baƙon ya riga ya ji mu, asirin ya zama a buɗe. Ya juyo gare ni.

"Ɗana, gaya masa ba mu da suna nasu na kansu. Mu ba ma raɗa wa mutane suna sai mun sha ruwa a rijiya ɗaya, ko mun yi faɗa a kanta. Mutanensa ba su taɓa zuwa rijiyarmu ba. In ya daɗe tare da mu, za a samo masa."

Duk ɗakin ni kaɗai na ji wannan magana. Idanu suka dawo kaina. Na ɗaga kafaɗa na ce da Larabci ban san me yake cewa ba.

Wannan kam ya gane. Ya dube ni, ba da fushi ba, kamar mai son ya tabbatar ni ne. Sannan ya juya ga Baturen ya ce, "Nasara. Halas." Ya ɗauki farantinsa ya ci gaba da raba shayi. Har ni ya ajiye wa kofi, da sukari yadda nake so.

Washegari mudir ya kira ɗan kwangilar shara ofis. Ba a kira 'yan sanda ba, mudir ba mugu ba ne, aikinsa yake yi. An dai ce kafin ƙarshen mako kada a ga kowa a harabar da ba shi da iƙama. Ranar Laraba ban je bayan sito ba. Ranar Alhamis da la'asar na hango shi daga tsakanin tarin kwalaye yana fita ta ƙofar baya, jakar buhu a kafaɗa, buta da darduma a hannu. Ya tsaya ya yi sallama da mai gadi. Taku ashirin ne tsakanina da shi. Na tsaya a inda nake har ƙofar ta rufe. Da aka tashi na tarar da kwanon da nake kawo masa tuwo a kan akwatin kayana, a wanke, a kife.

A makonsa na ƙarshe Baturen ya tambaye ni ina mai shayi. Muna kwance a ƙarƙashin injin muna ɗaure wani bututu. Na ce an mai da shi wani wuri. Ya ce ranar nan tsohon ya yi doguwar magana kafin ya ce Nasara, yana son ya san me ya ce. Na ce na riƙe sautin a kaina na tambayi wani maƙwabcina, na faɗa masa maganar rijiya gwargwadon Turancina. Ƙarya ce da ko yaro ba zai yarda da ita ba. Ya fito daga ƙarƙashin injin, ya goge hannu, ya rubuta a littafinsa. Ya daɗe yana kallon abin da ya rubuta.

Sannan ya koma ƙarƙashin injin ya ƙarasa mini labarin mahaifiyarsa, ba tare da ya kalle ni ba. Ya ce yana ƙarami takan yi masa yarenta, shi kuma ya ƙi amsawa, saboda yara a makaranta suna kwaikwayon maganarta. Idan ta zo ɗaukarsa yakan yi gaba ya bar ta a baya. A hankali ta daina. Da ta tsufa ciwon mantuwa ya kama ta, yaren Suwidin ya zube daga kanta gaba ɗaya, ya rage na ƙuruciya kawai. Ma'aikatan asibiti ba sa gane ta, suka kira shi. Ya zauna a bakin gado tana ta magana, tana roƙon wani abu, bai san mene ne ba. Kalma ɗaya ya kama. Ta nuna ma'aikatan ta ce rootsi, ta nuna shi ta ce rootsi, ta juya fuskarta ga bango. Ya ce bayan ta rasu ya nemi littattafai ya koyi kalmomi da yawa, amma babu wanda zai faɗa wa.

Ya miƙo hannu, na ba shi sifana. Har yau ban sani ba ko da ni yake, ko kuwa labarin ne kawai ya taso masa. Bayan kwana uku ya tafi, ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Da zan so in ce wannan labari ne ya tashe ni na fita neman tsohon. Ba haka aka yi ba. Na ji abin a ƙirjina kwana biyu, na ci gaba da harkata. Na gaya wa matata tsohon ya yi tafiya, ta daina zuba kwano na biyu. Wata bakwai ina zuwa aiki ina dawowa. Wani Bangale ya karɓi shayin. Sudaniyawa sun manta da zancen tun ranar, ban ga alamar ma ya taɓa damun ɗayansu ba ko ni Bahaushe ne ko ba Bahaushe ba. Wannan ya fi komai ci mini rai idan na tuna: abin da na sayar da mutum don in kare, babu mai nemansa.

Da azumi ya zo matata ta dama kunun tsamiya, ta ce Allah sarki tsohon nan, bara ya ce kununta ya tuna masa da gida. Ta tambaye ni wai ina ya tafi ne, babu wanda zai kai masa? Ina riƙe da kofi ana jiran kiran salla. Ban san abin da ya sa ba, na faɗa mata duka, har da maganar takarda. Aka kira salla, muka sha ruwa. Sai da ta kwashe kwanuka ta tsaya a kaina.

"Malam, mutumin da ya ci tuwon hannuna shekara biyu? Da ka ce ba ka jin Hausa ka tsaya nan, da na ce tsoro ne. Wa ya tambaye ka takardarsa?"

Ta ce in tashi in nemo shi, kuma kafin in same shi in ci wake da burodin Sudaniyawana da rana idan azumi ya wuce, ita ta gama zuba kwano. Ba wasa take yi ba, haka aka yi.

Na fara fita kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Sai a lokacin na gane ko cikakken sunansa ban sani ba, sunan yanka kawai da yankin da ya fito. Na bi masu wankin mota a unguwar Aziziyya, na bi mata masu sayar da gyaɗa da yaji a lungunan Bani Malik. Ina fitowa daga mota da farar jallabiya da rawanin Sudan, in yi musu sallama da Hausata mai ɗanɗanon Larabci, in ce ina neman wani tsoho marar takarda. Wa zai gaya wa irin wannan mutum komai? Sai su dubi motar, su dubi takalmina, su amsa mini da Larabci cewa ba su gane ba. Wani saurayi ma ya ɗauki bokitinsa ya tsallaka titi. Juma'a uku ina dawowa hannu rabbana.

A ta huɗu matata ta saka mayafi ta ce in ajiye mota nesa in tsaya a bakin shago. Ta je ta tsuguna wajen masu gyaɗa, ta sayi ƙulli biyu, suka shiga hira. Ina hango su suna nuna ni suna dariya. Bayan kusan awa ɗaya ta dawo, fuskarta ta canja. Wata mata ta san shi. Da ya bar masana'anta wasu 'yan ƙasarsu masu wankin mota sun ba shi wurin kwana a ɗakinsu a Aziziyya, suka ba shi bokiti da soso. Bai cika wata guda ba. Mutumin da ya shekara da shekaru a bayan katanga bai san titi ba, bai san wace mota ce ake gudu idan an gani ba, ga gwiwa ba ta da ƙarfi. Ranar da aka zo kame samarin suka watse, shi aka same shi a tsaye da bokiti a hannu. An kai shi gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, aka ɗauki hoton yatsunsa, aka sa shi a jirgi. Wanda aka fitar ta wannan hanya sai ya yi shekaru kafin a bar shi ya dawo. Ga mai shekarunsa, kowa ya san ma'anar haka.

Matar ta haɗa mu da wani, wanin ya haɗa mu da wani, har aka samo lambar ɗan ƙanensa, wanda tsohon yake zaune a wurinsa a ƙauye can ƙasar Damagaram. Na yi kwana tara da lambar a waya ban kira ba. Ina tsara abin da zan faɗa ina rushewa. Akwai wata dabara da ta riƙa zuwa mini, in nemi gafarar ƙin fassara kawai, tunda shi ke nan abin da ya sani. Maganar takarda bai ji ta ba, kuma babu wanda zai taɓa gaya masa.

Ranar Juma'a da la'asar na kira, ina zaune a falo, matata tana tsaye a ƙofar kicin. Ɗan ƙanen ya ɗauka, na ce daga Jidda ne, ya ce in jira. Na ji takunsa, na ji kukan awaki, na ji yana cewa Baba ga waya daga Makka. Sai muryar tsohon, ta ƙara siriri. Ina yin sallama ya gane ni.

"Ɗana, kai ne? Ikon Allah. Yaya mai ɗakinka? Yaya yara?"

Muka yi ta gaisuwa. Ya tambayi aiki, ya tambayi mai gadi, ya tambaya ko injin Nasaran nan yana nan yana yi. Ya tambayi wanda ke dafa shayi yanzu, da na ce Bangale ne ya yi dariya ya ce to kun shiga uku da madara. Na tambayi jikinsa, ya ce gwiwa ce dai, amma an gode Allah, damina ta yi kyau, an ba shi ɗaki a zaure. Sannan ya ce yana da roƙo ɗaya, idan Allah ya kai ni Makka in bi ta maƙabartar in yi wa matarsa sallama, in ce ba da son ransa ya tafi ba.

Na ce zan je. Na dubi matata, ba ta ɗauke ido daga kaina ba. Na riƙe wayar da hannu biyu.

"Baba, akwai abin da ba ka sani ba, kuma shi ya sa na kira. Ranar nan da na ce ba na jin maganarka, wannan ka gani da idonka. Amma kafin nan, lokacin da ka taho da faranti aka yi dariya, ni ne na faɗa da Larabci a gaban mudir cewa ba ka da takarda. Ba wanda ya tambaye ni. Na faɗa ne don kada a ce ni Bahaushe ne. Dalilin da ya sa aka kore ka ke nan, dalilin da ya sa kake can ba nan ba. Ranar da za ka fita ina tsaye a bayan kwalaye ina kallonka, ban fito ba. Ka rufa mini asiri shekara biyu, ni na tona naka. Ba ni da abin da zan mayar maka da shi. Na zalunce ka, Baba. Don Allah ka yafe mini."